Ba Daɗewa a Kurme Ne Iya Ruwa Ba

Duk inda yara suka taru a bakin kududdufi da damina, ko a gefen gulbi bayan ruwa ya ja baya, da wuya a watse ba a yi gasar kurme ba. Ɗaya zai toshe hanci ya lume, sauran suna ƙirga masa da ƙarfi, wanda ya fi daɗewa shi ne gwani har wata ranar. Da wannan ma'auni muka tashi, shi ya sa idan aka ce wane ya iya ruwa, abin da ke fara zuwa a ran mutane shi ne yana da dogon numfashi. Ni a ganina ma'aunin nan a karkace yake, kuma karkacewar tasa tana cin rayuka. Abin da ya raba wanda zai yi iyon mita 20 ya tsaya yana haki da wanda zai ratsa kogi hankali kwance, wata 'yar ɗabi'a ce da ba a hango ta daga kan tudu: fitar da numfashi yayin da fuska take cikin ruwa, ta yadda idan baki ya leƙo waje aikinsa guda ne tak, ya shaƙi sabuwar iska. Duk mai koyar da iyo, a tafkin ninkaya na otal yake ko a rafin ƙauye, da wannan ya kamata ya fara, kuma ya daina tafa wa yaron da ya daɗe a ƙarƙashin ruwa.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa ƙuncin da ke taso wa mai riƙe numfashi, wannan matsewar ƙirji da ke sa shi zaburowa sama ba shiri, alama ce ta ƙarewar iskar oksijin a jikinsa. Masana aikin jiki sun daɗe da nuna cewa ba nan gizo ke saƙar ba. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, wadda muke fitarwa kuma tana fitowa da kusan kashi 16, ke nan jiki bai ma taɓa mafi yawanta ba. Abin da ƙwaƙwalwa ta fi sa wa ido shi ne taruwar iskar kabon dayoksaid, wadda tsoka ke samarwa muddin tana aiki, kuma ba ta da hanyar barin jiki sai ta huhu. Da zarar ta ɗan taru a jini, sai ƙwaƙwalwa ta fara kururuwar a yi numfashi, ko da oksijin na nan isasshe. To dubi sabon shiga a cikin ruwa. Ya cika ƙirji, ya dulmiya fuska, ya damƙe baki, yana wurga hannuwa da iyakar ƙarfinsa. Idan ya juyo da kai, abin da yake da shi bai kai daƙiƙa guda ba, kuma a cikinta yake son ya fitar da tsohuwar iska ya kuma shaƙi sabuwa. Sai ya yi rabin wannan da rabin wancan. Juyowa ta biyu ta fi ta farko muni, domin kabon ɗin da bai fita ba ya haɗu da sabo. Kafin ta biyar ya miƙe tsaye yana cewa shi ba shi da numfashi, alhali mutumin nan yana iya buga ƙwallo minti 90 a filin unguwa. Huhu kamar zugazugin maƙeri yake, sai an matse shi ya huce sannan zai ja iska, kuma matsewar nan ana iya yin ta tun fuska na cikin ruwa, inda lokaci yake da yalwa.

Wannan matsala ta fi tsanani a salon da ake kira firistayil a gasa, wato iyon rub-da-ciki da ake wurga hannu ɗaya bayan ɗaya ƙafafu suna bugun ruwa, domin shi ne salon da ya fi kowanne sauri kuma fuska a cikin ruwa take kwana. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, saboda haka duk wata gaɓa da ta kauce wa layi, ruwa zai kama ta ya ja mutum baya. Kan babban mutum yakan kai kilo 5. Muddin yana cikin ruwa, ruwan ne ke ɗauke da shi. Da an ɗaga shi sama, nauyin ya koma kan jiki, ƙugu ya nutse, ƙafafu su bi shi, mai iyo ya koma yana tura ruwa da ƙirji da cinyoyi maimakon ya ratsa shi. Wanda ya taɓa tsayawa kusa ya kalli gwani yana shan iska zai yi mamakin ƙanƙantar motsin. Tun fuskarsa na kallon ƙasa, kumfa ke fita ta hanci da baki a hankali, ta ƙaru da ƙarfi daf da juyawa. Jikin ne gaba ɗaya ke mirginawa gefe, kafaɗa da ƙugu tare, kai yana bin su kawai. Kunci ɗaya na kwance a kan ruwa, ido ɗaya na tabaran ruwan ma bai fito ba, baki ya ɗan karkace sama. Tsakiyar kansa da ke tsaga ruwa tana tayar da 'yar igiya a gaba, a bayan igiyar kuma ruwan yakan ɗan lotsa daidai wajen baki, a cikin wannan lotsawar yake shan iskarsa. Kafin hannun da ke sama ya koma ruwa, fuska ta riga shi komawa. Wanda ya ɗaga kai don ya nemi iska, da kansa ya rushe wannan lotsawa, ya kuma kai bakinsa daidai inda igiyar take.

Duniya ta ga wannan darasi ƙarara a gasar Olamfik ta Sidni a shekarar 2000, a wani zagayen share fage na mita 100 da ya shafe mu kai tsaye. Mutum uku aka jera: Karim Bare na Jamhuriyar Nijar, Farkhod Oripov na Tajikistan, da Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini. Biyun farko suka yi riga-malam-masallaci, suka faɗa ruwa kafin a ba da alama, aka fitar da su, Moussambani ya rage shi kaɗai. Watanni kaɗan ke nan da fara koyon iyonsa, a tafkin wani otal a Malabo, kuma bai taɓa ganin tafki mai tsawon mita 50 ba sai da ya je can. Wanda ya kalli bidiyon zai ga saurayi ƙaƙƙarfa, jiki a murɗe, ya fita da zafinsa, kansa a sama yana kaɗa shi dama da hagu, ƙafafunsa suna ƙara yin ƙasa. A mitocin ƙarshe ya kusa tsayawa cak, 'yan kallo suka miƙe suna masa ihu har ya taɓa bango a minti 1 da daƙiƙa 52.72, a gasar da Pieter van den Hoogenband na Holan ya yi nisan nan a daƙiƙa 47.84. Jaridu sun mayar da shi abin raha, amma ni ban ga abin dariya ba, domin yadda ya yi iyo haka mafi yawanmu muke yi. Ƙarfi bai gaza masa ba, zuciya ma ba ta gaza ba. Bayan 'yan shekaru, da ya samu horo na sosai, ya sauko ƙasa da minti guda, daga baya har ya zama mai horar da 'yan ninkayar ƙasarsa.

Da a ce maganar ta tsaya ga gasa, da ban ɓata wa mai karatu lokaci ba, tunda kaɗan ne cikinmu za su taɓa tsayawa a kan dandamalin tsalle. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a ƙarshen 2024 ya ƙiyasta cewa mutum 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, fiye da rabinsu ba su kai shekara 30 ba. Daga shekarar 2000 zuwa lokacin, yawan mace-macen, idan aka auna da yawan jama'a, ya ragu da kashi 38 cikin 100 a duniya, amma a yankin Afirka kashi 3 kacal ya ragu, kuma nan ne ya fi ko'ina muni idan aka auna da yawan jama'a. Ba sai an karanto wa mutanen Yawuri ko Bagwai alƙaluma ba, sun ga abin da kifewar kwalekwale ta yi musu a 2021. Yadda mutum ke nutsewa kuwa ya saɓa wa abin da fina-finai ke nunawa. Frank Pia, wani mai aikin ceto a bakin teku a Amurka wanda ya ɗauki fim ɗin mutanen da ruwa ke shirin ci, ya nuna cewa mai nutsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu ya kira kowa. Yana tsaye ne a cikin ruwa, kai a ɗage, baki yana fitowa yana komawa, kuma duk fitowa ba ta isa ya fitar da iska ya shaƙi wata ba, balle ya yi magana. Daƙiƙa 20 zuwa 60 ake yi a haka kafin ya ɓace. Matsalar sabon shigan nan ce dai, ta kai maƙura. Wanda jikinsa ya saba da cewa ruwa ya rufe fuska ba tashin hankali ba ne, lokacin hucewa ne kawai, yana da abin da zai yi da waɗannan daƙiƙoƙi.

Hujja ta farko da za a kawo mini mai ƙarfi ce: ai zakarun duniya ma riƙe numfashi suke yi. Gaskiya ne, a tseren mita 50 mafi yawan waɗanda ke kaiwa zagayen ƙarshe ba sa juya kai ko sau ɗaya, wasu sau ɗaya tak. Amma a dubi agogo. César Cielo na Barazil ya yi wannan nisa a daƙiƙa 20.91 a 2009, Caeleb Dressel na Amurka ya ci zinare a Tokyo da 21.07. A cikin daƙiƙa ashirin da 'yan kai, tsoka tana cin abin da ta tara ne a cikinta, iskar da za a shaƙa a tsakiyar tseren ba za ta ma isa inda ake bukatarta ba kafin a taɓa bango, juya kai kuwa yana cin ɗan lokaci a tseren da ake raba na ɗaya da na huɗu da ƙiftawar ido. Da nisa ya ƙaru, sai lissafin ya juye. Michael Phelps, a zamanin da yake gasa, a tseren mita 200 duk zagayowar hannu yake shan iska. Katie Ledecky, wadda ta yi mita 1500 a minti 15 da daƙiƙa 20.48 a 2018, ita ma haka, kusan kullum ta ɓangaren dama. Sun Yang na Sin, da ya kafa tarihi a mita 1500 a Landan a 2012, ya wuce nan ma: idan ya kusanci bango yakan shaƙa ta dama ya shaƙa ta hagu a jere, don ya yi guzurin juyawa. Mutanen da suka fi kowa ƙarfin huhu a duniya su ne suka fi kowa kwaɗayin iska. Ita kanta hukumar ninkaya ta duniya ba ta bar kurme ya yi yadda ya ga dama ba. Bayan Masaru Furukawa na Japan ya ci zinaren iyon kwaɗo na mita 200 a Melbon a 1956 yana yin mafi yawan tseren a ƙarƙashin ruwa, an sauya doka, kuma a yau ɗan firistayil dole kansa ya fito kafin ya wuce mita 15 daga farawa ko daga juyawa.

Sai kuma ƙa'idar da masu horarwa da dama ke riƙe da ita kamar karatun allo, cewa a sha iska bayan kowane jan hannu uku, sau ɗaya dama sau ɗaya hagu. Dalilinsu ba na banza ba ne. Wanda ya saba da gefe guda yakan karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya aiki, ya riƙa bauɗewa daga layi, wani lokaci kafaɗa ta fara ciwo. A buɗaɗɗen ruwa kuma, idan igiya na dukan mutum ta dama kuma dama kaɗai ya sani, ya shiga uku. Na yarda da duk wannan, har ma ina ganin duk ɗalibi ya kamata ya iya juyawa ta kowane gefe. Inda na rabu da su shi ne mayar da uku ta zama doka. A yi lissafi mai sauƙi: mai jan hannu 60 a minti, idan yana shaƙa bayan kowane biyu ya samu numfashi 30, idan bayan uku ne ya samu 20, an zaftare masa kashi ɗaya cikin uku. Mutumin da ke gudu a tudu da ƙarfi yakan yi numfashi 40 ko fiye a minti ba wanda ya ƙayyade masa. Sabon shiga kuwa hannunsa a sanyaye yake tafiya, saboda haka ukun nan takan yi masa nisa, ya ƙosa, ya fizgo kai sama, ya ɓata daidaiton da aka ce ana nema masa. Akwai hanyar da ta fi: ya tafi yana shaƙa ta dama bayan kowane biyu, ya dawo yana shaƙa ta hagu. An samu daidaito ba a yi masa rowar iska ba. Idan ya ƙware har uku ta zama ba ta takura shi a tafiyar a hankali, sai ya ɗauke ta.

Hujja ta uku ita ce ta fi haɗari, domin rigar kimiyya ta sa. Ana cewa takura numfashi horo ne, yana ƙara wa huhu ƙarfi. Wannan ra'ayi yana da asali mai daraja. James Counsilman na Jami'ar Indiyana, wanda ya horar da Mark Spitz mai zinare bakwai a Munik a 1972, shi ya yayata shi a shekarun 1970, lokacin da duniyar wasanni ke cike da zancen amfanin atisaye a kan tsaunuka bayan Olamfik ɗin birnin Meziko na 1968. Tunanin shi ne idan ɗan ninkaya yana shaƙa bayan jan hannu biyar ko bakwai ko tara, jikinsa zai ɗanɗani ƙarancin oksijin irin na kan tsauni. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa a irin wannan atisaye oksijin na jini ba ya sauka sosai, kabon ne ke hawa. Abin da ake koya ke nan shi ne jure wa ƙunci, wanda yana da ɗan amfani ga mai tseren mita 50 ko mai fitowa daga juyawa, a ƙarƙashin idon mai horarwa. Amma ƙuncin nan shi ne mai gadin rai, kuma akwai hanyar sa shi barci wadda yara ke ganowa da kansu ba wanda ya koya musu. Kafin ya lume, yaro zai tsaya ya yi ta jan numfashi da sauri-sauri, yana zaton yana tara iska ne. Ba ya ƙara oksijin na a-zo-a-gani, domin jininsa dama a cike yake. Kabon yake kwashewa. Sai ya shiga ruwa ba mai tashinsa. Oksijin na sauka, shi kuwa yana jin daɗinsa, har ƙwaƙwalwa ta ɗauke ba tare da wani gargaɗi ba. Ba shure-shure, ba fantsama ruwa. Abokansa na kan tudu suna ci gaba da ƙirga masa, suna murna zai kafa tarihi.

Ba sabon sani ba ne wannan. Albert Craig, likita a Jami'ar Rochester, ya bayyana yadda abin ke faruwa tun 1961, a 1976 kuma ya tattara labarin mutum 58 da suka suma a ƙarƙashin ruwa, mafi yawansu samari ne da suka iya iyo. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa a 2015 cewa a jihar Niyok kaɗai an samu irin wannan sau 16 tsakanin 1988 da 2011, huɗu suka mutu, kuma a shekarar ce ƙungiyar Red Cross ta ƙasar da hukumar ninkayarsu da ƙungiyar YMCA suka fitar da gargaɗi na haɗin gwiwa a kan wasan riƙe numfashi. A tafkuna masu ruwa garau ke nan, inda ake ganin ƙasa kuma akwai masu ceto a zaune. A kududdufin da ruwansa ya yi jawur da laka, wanda ya suma ba a ma san inda ya kwanta ba. Idan irin wannan ta faru da yaron da kowa ya san gwani ne, abin da ake cewa a unguwa shi ne 'yan ruwa sun ja shi, tunda hankali bai ɗauki cewa gwani zai nutse a ruwan da bai fi ƙarfinsa ba. Rai na hannun Allah, amma sababin nan sananne ne, kuma ana iya toshe shi da magana guda daga bakin babba.

Akwai waɗanda za su ce duk wannan ilimin tafkin Turawa ne. Sarkawa da Kabawa da masuntan tafkin Chadi sun gaji ruwa kaka da kakanni, da yawansu kai a sama suke iyo, kuma wanda ya je bikin Argungu ya ga wasannin Kabanci a Matan Fada, da nutso da kamun agwagwa da hannu, ya san ba a koya musu ruwa. Iya ruwa fid da kai, in ji su, salo kuma ado ne. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. A kogi mai gudu, ga kututture ga kwalekwale ga raga, dole mutum ya ga gabansa, kuma ko a ƙasashen da ninkaya ta ci gaba masu ceto kai a sama suke tunkarar wanda ruwa zai ci. Amma tafiya ce gajera ta mai ƙarfi. Masu tseren kilomita 10 a buɗaɗɗen ruwa, irin wanda Oussama Mellouli na Tunisiya ya ci a Landan a 2012, su ma suna bukatar ganin gaba, sai dai ido kaɗai suke ɗagawa sama da ruwa, su duba, sannan su juya gefe su sha iska. Shi kuma ɗan masunci da ya tashi a ruwa tun yana rarrafe, ya koyi hucewa cikin ruwa ba tare da an sa wa abin suna ba, ruwa ya rufe masa fuska sau dubu bai firgita ba. Ga shi kuma sau da yawa da gorarsa a ƙirji. Damuwata ɗan birni ne da ɗan ƙauyen tudu, wanda ruwa ke zuwar masa wata uku a shekara a ramin da aka haƙi ƙasar gini, ya ga yadda manya ke yi daga nesa ya kwaikwayi abin da ido ke gani, ya bar abin da ke faruwa a ƙarƙashi.

Kada a fahimce ni da cewa a zazzage huhu ƙaf. Iskar da ke ƙirji ita ke taimaka wa mutum ya taso, musamman siriri mai tauri wanda jikinsa ba ya son yawo a saman ruwa, kuma gwanaye da kansu sun bambanta: wani yana sakin iskar kaɗan-kaɗan tun daga shigar fuska, wani yana ɗan riƙewa ya fesar da ita gaba ɗaya daf da juyawa. Duka biyun suna aiki, sharaɗin dai a gama fitarwa kafin baki ya fito. Wanda kuma ya gaji a tsakiyar ruwa, mirginawar nan da ya koya don shan iska, idan ya ƙarasa ta sai ya tsinci kansa a rigingine, hanci da baki a sama, ya huta.

Saura ƙorafin da ya fi kowanne gaskiya, cewa ba mu da wuraren koyo. Tafkunan ninkaya a garuruwanmu na otal-otal ne da na masu hali, kududdufi kuwa matattarar tsargiya ce da shara, ba wanda zai so a ce wa ɗansa ya tsoma fuska a ciki. To amma yaran suna ciki ko mun so ko mun ƙi, kuma tsutsar tsargiya ta fata take shiga, ba ta jira sai an tsoma fuska. Abin da ya rage wa manya shi ne zaɓen ruwa mai tsabta marar zurfi da kuma tsayawa a kai. Darasin farko ma ba ya bukatar tafki. Baho cike da ruwan famfo ya isa, babba na tsaye: yaro ya shaƙa ta baki, ya sa fuska, ya yi gunji a hanci kamar mai rera waƙa baki a rufe, kumfa ta fita, ruwa ya kasa shiga hancin, ya juya kunci gefe ya shaƙa, ya koma. Daga nan sai ruwa iya ƙugu, yana lumewa yana tasowa sau goma, sau ashirin, a jere ba tsayawa, kuma abin yabo shi ne ya gama ba ya haki. Bangladesh, ƙasar da ruwa ke cin yara fiye da yawancin cututtuka, ba ta jira gina tafkuna ba. A shirinsu na SwimSafe, dandamalin gora ake kafawa a cikin tafkin ƙauye a killace wuri marar zurfi, a horar da matasan garin su zama malamai, kuma yaro ba ya cin jarrabawa sai ya yi iyon mita 25, ya tsaya a saman ruwa daƙiƙa 30, ya kuma nuna yadda zai ceci wani daga kan tudu da sanda ko igiya ba tare da ya faɗa ruwan ba. Gora muna da ita, matasa masu iya ruwa suna nan a kowane gari da ke bakin gulbi, kuma ƙananan hukumomi da makarantun firamare da na allo za su iya ɗaukar wannan tsari yadda yake kafin damina mai zuwa.